Tambaya da Amsa: Haɗa Babur Ɗin Kafe Resa a Gida

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato mayar da tsohon babur ya koma kafe resa. Mun haɗe masu kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Ina ganin hotunan babura masu siririn jiki da ɗan tozo a bayan sit, ana ce musu kafe resa. Daga ina sunan ya fito, kuma da wane babur ya kamata mai koyo ya fara?

Amsa: Sunan daga Ingila ya fito, a shekarun 1950 da 1960. Samari masu babura kan taru a gidajen shan shayi na bakin titi, wanda ya fi suna shi ne Ace Cafe na Landan da aka buɗe a 1938, daga nan su yi tsere zuwa wani wurin su dawo. Burinsu babur ya kai mil 100 a awa, kimanin kilomita 160. Don haka suka riƙa cire duk abin da ke ƙara nauyi, suna sauke hannun babur ƙasa don mahayi ya kwanta a kan tanki, suna mayar da matakan ƙafa baya. Wanda aka fi ji da shi a lokacin shi ne Triton: injin Triumph a cikin firam ɗin Norton mai suna Featherbed, saboda wancan ya fi ƙarfin inji, wannan kuma ya fi riƙe hanya. Ka lura, kowane canji a lokacin yana da dalili na gudu. Kyan da kake gani a hoto daga baya ya biyo.

Wajen zaɓe, tsuguna ka kalli babur ɗin daga gefe. Idan ƙasan tanki da ƙarfen da sit ke zaune a kai sun tafi a layi ɗaya a miƙe, an rage maka rabin aiki. Idan firam ɗin ya lotsa a tsakiya, sai ka yi yanka da walda mai yawa kafin ka samu wannan layin. Waɗanda aka saba amfani da su: Honda CB350, CB550 da CB750 na shekarun 1970, Yamaha SR400 da XS650, BMW R80 da R100. A ƙanana akwai Honda CG125 da Suzuki GN125, sai dai GN tayar bayansa inci 16 ce, ta gaba 18, shi ya sa yake zama kamar ya jingina baya.

Mai koyo ya nemi silinda ɗaya ko biyu. CB750 abin sha'awa ne, amma kafireto huɗu gare shi, kuma daidaita huɗun su yi numfashi tare wani karatu ne daban.

Kafin ka biya, duba lambar firam ta dace da takardu. Sannan auna matsin inji: a ɗumama shi, a cire fulogi, a buɗe totur gaba ɗaya, a buga. Lafiyayyen inji irin waɗannan yakan ba da psi 130 zuwa 170 a ma'aunin matsi, kuma bambancin silinda da silinda kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. In ya yi ƙasa, zuba ɗan cokalin baƙin mai ta ramin fulogi ka sake aunawa. Ya tashi, ringi ne suka cinye. Bai tashi ba, bawul ne ko gasket ɗin kai. Daga ƙarshe ja zare a miƙe ta gefen tayar baya zuwa gaba, hagu da dama, ka ga ko tayar gaba tana tsakiya. Firam ɗin da ya taɓa karkacewa a haɗari, bar shi ko da kyauta ne.

Tambaya: Na riga na sayi babur ɗin, yana tashi amma da ƙyar. In fara kwance shi gaba ɗaya ne?

Amsa: A'a, Malam, ajiye sifana tukuna. Gyara shi a yadda yake har ya riƙa tashi bugu ɗaya, ka hau shi na 'yan makonni. Dalili: in ka canza abu goma a kan babur marar lafiya, ranar da ya ƙi tashi ba za ka san ko tsohon ciwo ne ko naka aikin ba.

Bayan nan sai birki, boris ɗin wuya da na tayoyi, shokazoba da sarƙa. Sai gwajin siffa da kwali da salatif, sai yanka da walda, sai wayoyi. Ka haɗa shi tsaf ba fenti, ka hau, ka gyara abin da ke gogar wani, sannan ka sake kwancewa a yi fenti. Wanda ya yi fenti da wuri, shi ne zai dawo yana walda a kan sabon fenti don ya manta maƙalar lamba. Ɗauki hoton kowane abu kafin ka kwance, noti kuma kowane rukuni da ledarsa da rubutu.

Tambaya: Ina so in yanke bayan firam in sa lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kama da kofaton doki. A ina zan yanka? Mai walda ya ce zai haɗa baki da baki kawai.

Amsa: Kada ka yarda da baki da baki. Amma bari mu fara da wurin yanka.

Ana yanka ne a bayan inda shokazoban baya suke ɗaure, kuma ba a taɓa ƙarfen da ya gitta tsakanin hagu da dama a kusa da wurin. Duk dukan da hanya ke yi wa tayar baya nan yake sauka. In ka cire ƙarfen gittawar don batir ya samu wuri, dole ka mayar da wani, in ba haka ba bayan babur zai riƙa murɗewa a kwana.

Kafin ka sa injin yanka, ɗaga babur, cire shokazoban biyu, ka ɗaga tayar baya har zuwa inda za ta kai in shokazoba ya matse ƙarshe. Za ka san wurin in ka auna tsawonsa daga ido zuwa ido, ka debe tsawon sandar da ke shigewa ciki. A wannan matsayin, tsakanin taya da ƙasan sit, da tiren batir, da sabon ƙarfen, a samu aƙalla milimita 15 zuwa 20. Wannan awon shi ne aka fi tsallakewa. Babur yana tsaye a gareji sai ka ga fili kamar hannu zai shiga, ranar da aka faɗa rami da gudu taya ta daki tire, ta yage wayoyi ko ta cije.

Sabon ƙarfen ya zama faɗinsa da kaurinsa ɗaya da na firam. Yawanci milimita 22 ne ko 25, kaurin bango 1.5 zuwa 2, amma auna naka. Ban da bututun ruwa mai rufin tutiya, hayaƙinsa guba ne in ya ji wuta, ban da na ƙafar kujera, ya yi siriri.

Yadda ake haɗin: a samu guntun ƙarfe da zai shige cikin bututun a matse, ya shiga santimita 3 zuwa 4 a tsohon firam, haka kuma a sabon. A huda rami na milimita 6 zuwa 8 a kowane ɓangare, nesa kaɗan da bakin haɗin. A goge bakunan biyu su yi gangare, a bar tazarar milimita 1 zuwa 2 a tsakaninsu. Sai a ɗiga walda kaɗan-kaɗan, a ja baya a duba daga baya da gefe ko ya zauna daidai, sannan a zagaye haɗin, a cike ramukan nan har su kama guntun ciki. Amfanin wannan, nauyi ba ya taruwa a zobe ɗaya na walda, ko da kuwa an goge saman don ya yi sumul. Waldar TIG ko MIG, wato wadda iskar gas ke rufe wurin da ake narkawa, ta fi dacewa. Ta sanda tana huda siririn bututu sai a hannun gwani na gaske.

Cire tanki ka kai shi nesa, cire batir, zare akwatin CDI mai ba fulogi wuta da rektifaya mai cajin batir kafin a kunna injin walda, kuma a maƙala wayar ƙasa kusa da wurin aiki don wuta kada ta bi ta boris. Lambar firam kuwa, kada giranda ta kusance ta. Dokar canza firam ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wasu wuraren sai an sake duba babur ɗin, don haka ka bincika kafin yanka.

Tambaya: Na cire akwatin iska na sa ƙananan matatun nan masu kama da mazurari, na kuma sa gajeriyar salansa. Yanzu in na murɗa totur sai ya shaƙe, in na saki kuma ya riƙa tas-tas a baya. Da cok ya fi tafiya. Me na ɓata?

Amsa: Ba ka ɓata komai ba, ka ƙara wa inji iska ne ba ka ƙara masa fetur ba. Duk alamun da ka lissafa na ƙarancin mai ne, kuma wadda ta fi tona asiri ita ce ta cok, domin aikin cok ƙara mai. Cire fulogi, za ka ga bakinsa fari fat. Kada ka ci gaba da hawa a haka: inji mai ƙarancin mai zafi yake ɗauka, har ya kai ga ƙone bawul ko huda kan fistin.

Kafin ka taɓa jet, wato 'yan sukurori masu ƙaramin rami da fetur ke bi a cikin kafireto, tabbatar da abu huɗu: tazarar bawul daidai take, robar da ke haɗa kafireto da inji ba ta tsage ba, tsayin fulot mai iyakance fetur a kwanon kafireto yana kan awonsa, lokacin wuta daidai. Tsagaggiyar roba tana ba da waɗannan alamun sak, kuma ko jet nawa ka canza ba za ta warke ba.

Kafireto hanya uku yake ba da mai. Daga silo zuwa kwatan totur, ƙaramin jet ne da sukurunsa. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce. Daga nan zuwa ƙarshe, babban jet. Manna salatif a hannun totur ka yi alamar waɗannan wuraren da biro, sai ka hau ka lura a wace alama ciwon yake. Gudun babur ba shi ne ma'auni ba, yawan buɗewar totur shi ne.

Fara da babban jet. Ƙara mataki ɗaya ko biyu, misali daga 100 zuwa 105 a kafireto ƙirar Keihin, ka gwada, ka duba fulogi. Abin nema launin ƙasa-ƙasa. In ya yi baƙi da toka, inji yana gurnani a sama yana warin fetur, ka wuce, koma baya. Lambobin jet na Keihin da na kamfanin Mikuni ba ma'auni ɗaya ba ne, kada ka haɗa su. Sai allura: in tana da tsagogi, sauke ɗan zoben da ke riƙe ta tsaga ɗaya zuwa ƙasa, hakan yana ɗaga allurar, mai ya ƙaru. In ba ta da tsagogi, sa mata washa mai kaurin rabin milimita a ƙarƙashin kanta. Sukurun silo kuma ka san wane iri ne naka. In yana ɓangaren inji, na mai ne, kwance shi ƙarin mai. In yana ɓangaren matata, na iska ne, kwance shi ƙarin iska. Mayar da shi ciki a hankali har ya taɓa, ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu, daga nan ka nemi inda silo ya fi tashi ya kuma zauna. Na mai in ya wuce zagaye uku bai gamsu ba, ƙaramin jet ɗin ne ya yi kaɗan. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, a rubuta.

Yanzu gaskiyar da ba a so. Duba saman kafiretonka. In yana da faffaɗan murfi da tantanin roba a ciki, irin da ake kira CV ne, wanda zuƙar iska ce ke ɗaga masa silaidi, ba kebur ba. Irin wannan yana buƙatar iska mai natsuwa da akwatin ke ba shi, kuma da ƙananan matatu da wuya ya daidaita a tsakiya, musamman in iska na bugowa daga gefe. Wasu matatun masu arha ma leɓen robarsu yana toshe ƙananan ramukan da ke bakin kafireto. A ganinmu, mai CV ya mayar da akwatinsa ya yi masa baƙin fenti, ko ya sauya zuwa kafireto mai silaidin kebur irin Mikuni VM. In ka dage, to ka yi wa kafireto maƙala, don da akwatin ne ke tallafe shi, kuma tiyon numfashin inji da ke shiga akwatin ka sa masa tasa 'yar matatar, kada ka toshe shi. Toshe shi yana sa baƙin mai ya fara yoyo ta kowane sil.

Tambaya: Na sa hannayen da ake ɗaurawa a jikin shokazoban gaba, na sauke gaban da santimita 4, na sa dogayen shokazoba a baya. Ya yi kyau, amma da gudu kan yana rawa, kuma in na juya babban yatsana yana matsewa da tanki.

Amsa: Tsaya da hawa har ka gyara, wannan rawar ita ce ke kayar da mutane.

Ka ɗauka ka ja layi ta tsakiyar wuyan babur har ƙasa. Layin yana sauka ne a gaban inda taya ke taɓa ƙasa, kuma wannan tazarar, wadda a baburan titi takan kama milimita 90 zuwa 110, ita ce ke sa taya ta miƙe da kanta, kamar tayar keken kaya da ke bin inda aka ja ta. Sauke gaba yana rage ta. Ɗaga baya ma yana rage ta. Kai ka yi duka biyun. Dawo da gaban ya zama ba ka sauke fiye da milimita 10 zuwa 15 ba, baya kuma kusa da tsawonsa na asali, ka gwada a hankali. Duba boris ɗin wuya da bushin ɗin ƙarfen da ke riƙe tayar baya da iskar taya, don su ma suna kawo rawa. Sannan ɗaura 'yar igiyar roba mai zugewa a sandar shokazoba, ka taka birki da ƙarfi, ka ga iya inda ta hau. Nan za ka san ko madigadi zai daki salansa ko ƙasan wuya.

Maganar yatsa: matsayar juyawa ce ake ƙara wa kauri, da ɗigon walda ko ɗan noti, ta yadda in kai ya juya ƙarshe yatsa zai wuce tsakanin hannu da tanki. Za ka rasa ɗan juyi, amma ya fi. Kebur ɗin totur da na kuloci yanzu sun yi tsawo, a sayi gajeru ko a sake musu hanya ba lanƙwasa mai kaifi. Gwajinsa: inji yana silo, juya kai hagu da dama har ƙarshe. In ƙara ta tashi, kebur yana ja.

Ga masu shirin saye, da faɗin sandar shokazoba ake sayen hannayen: CB350 milimita 33, CB550 da CB750 na wancan zamanin 35. Kuma saukakken hannu ba tare da mayar da matakan ƙafa baya ba, naɗe mutum yake yi, gwiwa a ƙirji, nauyi duka a wuyan hannu. In ka mayar da matakan, duba kik zai sauka ba tare da ya daki mataki ba, kuma ka lura da ɗan hannun da ke kan sandar giya: yana kallon sama ko ƙasa, wannan kaɗai yana juya maka tsarin giya gaba ɗaya.

Tambaya: Ina so in ɓoye ƙaramin batir na litiyom a cikin tozon sit, in sa fitilun LED. Akwai matsala?

Amsa: Auna caji tukuna. Sa mita a kan batir, ɗaga inji zuwa zagaye 4,000 ko 5,000 a minti. Abin da ake so bolt 13.5 zuwa 14.5. Batir ɗin litiyom na babur ba ya jure abin da ya wuce 14.6, kuma tsofaffin ragulato, wato masu daidaita caji, na shekarun 1970 sukan zarce. Sauya zuwa na zamani da aka rubuta ya dace da litiyom, ka ɗaura shi inda iska ke bugunsa. Batir zai iya zama a tozo, ragulato ba zai iya ba, zafi zai kashe shi. Babban fiyus ya zauna kusa da kan batir, batir kuma a ɗaure a kan roba, kada kansa ya kusanci ƙarfe.

Siginar LED za ta riƙa ƙiftawa da sauri ko ta ƙi, saboda tsohon rile mai sa ta ƙiftawa da nauyin kwan fitila yake aiki. Sa rile na lantarki. In kuma duka huɗun suna kamawa tare, kwan alama guda da ke kan mita ne ke haɗa hagu da dama, diyod biyu ke raba su. Wasu ƙananan babura fitilar gabansu kai tsaye daga kwayil take shan wuta, ba daga batir ba, LED a nan rawa zai yi sai an sauya layin.

Mafi yawan ciwon wuta bayan fenti kuwa na wayar ƙasa ne. Wuta ba ta ratsa fenti. Kankare wurin har ƙarfe ya fito fes, ka ɗaure, ka shafa giris.

Tambaya: Cikin tankin duk tsatsa ne.

Amsa: Cire famfon mai, toshe ramin, zuba noti ɗan hannu guda ka girgiza, ka zazzage. Cika shi da ruwan khal kwana ɗaya zuwa biyu, ɗauraye da ruwa mai hodar soda (baking soda), busar da shi nan take da iska mai zafi, ka zuba fetur ko ka shafa mai kafin tsatsa ta dawo. Sa 'yar matata a tiyon mai. In huji ya bayyana, kada wuta ta kusanci tankin a gida. Tankin da ya bushe shekara guda ma tururin da ke cikinsa yana fashewa.

Tambaya: A hotuna ba sa sa madigadin gaba, tayoyin kuma masu kauri ne da zanen haƙoran zarto. In bi su?

Amsa: Waɗancan hoto aka yi su don shi. A tsofaffin babura ƙarfen madigadi ne ke ɗaure ƙafafun shokazoban gaba biyu, in ka cire shi gaba yana murɗewa a birki. Rage masa tsawo, ko ka sa ƙarfen ɗauri a madadinsa. Tayoyin zarto ba sa riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta kamar na zamani, taya mai faɗin da ya fi ƙarfin rim kuma siffarta lalacewa take yi. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In ta haura shekara biyar ko shida, canza ta ko da zanen bai cinye ba.

Ƙyallen da ake naɗe salansa da shi ma yana riƙe laima, bututun ya ruɓe a ƙarƙashi ba ka gani ba. Fentin tanki kuma, rufin ƙarshe ya zama mai haɗi biyu da ake kira 2K, shi ne fetur ba ya narkarwa. Na gwangwani na yau da kullum ɗigo ɗaya a bakin tanki ya ishe shi ya yi laushi. Amma 2K yana da guba ga huhu, a fesa shi a fili da takunkumin fenti na gaske mai matata, ba na ƙura ba.